Ta waya ko gaba da gaba: wanne ya fi wa uwar da damuwa ta yi wa yawa?

'Yar'uwa, tambayarki ta tsaya min a rai tun jiya. Kin ce ga yara uku ga aiki, barci ya ƙaurace wa idonki, kina daka wa autanki tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ki kulle ɗaki ki yi kuka. Kina son ganin mai ba da shawara, amma kin rasa na ɗauka: na intanet, ko ki je ofishinsa ku zauna gaba da gaba. Na gwada duka biyun bayan haihuwata ta biyu, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ki fara cire wa ranki cewa gazawa kika yi. A watan Agustan 2024 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan halin da iyaye ke ciki. A ciki ya kawo cewa kashi 48 cikin ɗari na iyaye sun ce yawancin ranaku damuwa tana fin ƙarfinsu, alhali a sauran manya kashi 26 ne. Kin ga ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu da yawa.

Abin da kowa ke fara tambaya shi ne, ta intanet ɗin tana aiki kuwa? Tana yi. A 2018 wasu masana, cikinsu har da Per Carlbring da Gerhard Andersson na ƙasar Suwidin, sun tattara bincike 20 da aka yi a kan mutum 1,418, suka auna masu zuwa wurin ƙwararre da masu bin darussa ta intanet. Hanyar da aka bi ita ce CBT, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. A cikinta ana koya miki ki kama tunanin da ke jefa ki ƙunci, irin su "ni ba uwar kirki ba ce", ki auna shi da gaskiyar abin da ya faru, sannan ki sauya yadda kike yi. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne. Sai dai ki lura, masu bi ta intanet ɗin akwai ƙwararre a bayansu, yana duba aikinsu yana amsa musu. Manhajar da za ki sauke a bar ki ke kaɗai da ita wani abu ne daban, kuma mutane da yawa ba sa nisa da ita suke watsarwa.

To tunda amfanin ya zo kusan ɗaya, a ina suka bambanta? A rayuwarki ta yau da kullum.

Zama ɗaya minti 45 zuwa 50 ne, galibi sau ɗaya a mako. A ofis, wannan mintin 50 yakan cinye miki rabin yini: shiri, hanya, zaman jira, ga neman wanda zai riƙe yara. Sau uku na fasa zuwa saboda zazzaɓin yaro. Ta waya kuwa ban taɓa fashi ba, don ko yaro na kwance kusa da ni zan iya ɗagawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan magani sai an jure zama shida, goma, wani lokaci har ashirin kafin a ga moriyarsa. Wanda za ki iya ɗorewa a kansa ya fi wanda za ki yi sau biyu ki bari.

Amma gida yana da nasa cikas, kuma nan ne na fi shan wuya. Ofis yana ba ki ƙofa a rufe. A gida kuwa, akwai ranar da na zauna a ƙasa bayan ƙofar ɗaki, na jingina bayana da ita, ina magana ƙasa-ƙasa, sai ga 'yan yatsun ɗiyata suna leƙowa ta ƙarƙashin ƙofar tana kiran "Mama". Maganar da na kwana ina shirin faɗa sai ta koma ciki. In kuma abin da ke damunki ya shafi maigidan ne, ko wani da kuke gida ɗaya, yaya za ki buɗe baki alhali bango kawai ya raba ku? Ga matsalar sabis: kina tsakiyar hawaye hoto ya daskare, sai ki ji ana cewa "maimaita, ban ji ki ba".

Akwai kuma abin da ido ke gani wanda waya ke ɓoyewa. Wadda nake gani a ofis ta taɓa ce min, bakina yana cewa lafiya lau amma tun da na zauna nake murza zoben hannuna. A kiran bidiyo fuska da kafaɗa kawai take gani. A kiran murya ko saƙon rubutu ma ba ta ganin komai. Duk da haka kada ki raina su. Wasu sun fi iya faɗin abin kunya in ba a kallon idonsu, ni ma akwai abin da a rubuce na fara faɗarsa.

Batun sirri kuma, kada ki ɗauke shi da wasa. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin BetterHelp, mai haɗa mutane da masu ba da shawara ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 bisa zargin ya ba Facebook da Snapchat bayanan masu neman taimako domin talla. Don haka kafin ki cike kowane fom, ki tambayi wa ke ganin bayananki, ko ana naɗar zaman, sannan ki nemi cikakken sunan ƙwararren da shaidar hukumar da ta ba shi lasisi. Ba duk mai daɗin baki a intanet ne ya karanci aikin ba.

Wuri ɗaya ne babu zaɓi. In tunanin cutar da kanki ko yaro yana zuwar miki, ko kin kwana biyu uku ba ki runtsa ba, ko kina jin muryoyi, ko ana dukanki, to wannan ya wuce waya. Ki je asibiti yau, ki tafi da wani da kika yarda da shi. Haka ma yana da kyau likita ya duba jininki, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo kasala da faɗuwar gaba irin na ciwon damuwa.

Da ni ce ke, bisa abin da kika faɗa, da kiran bidiyo zan fara, da mutum mai lasisi, sau ɗaya a mako. Ki ba shi zama huɗu. In har lokacin kina jin ba a fahimce ki ba, ki sauya mutumin kafin ki yanke cewa hanyar ce ba ta yi ba. Kuma wanda zai riƙe miki yara, ki ce masa awa ɗaya ne cur, ba minti 50 ba. A ofis hanyar komawa gida ce ke ba ki damar share fuska ki dawo daidai. Ta waya kuwa kina kashewa za a ƙwanƙwasa ƙofa, don haka mintin goman nan ki zauna abinki, kada ki buɗe.