Akwatin Kenya ko Langstroth ga wanda ƙudan zumarsa suka rabu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kan batun rabin ƙudan amyarka da suka tashi, da wanda za ka saya tsakanin akwatunan kiwon zuma biyu, na Kenya (mai sanduna jere a samansa, inda ƙudan ke rataya saƙarsu) da Langstroth (mai firam, wato katako mai kusurwa huɗu da suke gina saƙa a cikinsa): sayi na Kenya. Duka biyun sun bi ta hannuna.

Ka kwantar da hankalinka tukuna, abin da ya same ka ba gudu ba ne. Gudu shi ne su kwashe kaf ka tarar da saƙa wayam, kuma galibi kwarkwasa ce ta kore su, ko ƙishirwa, ko zafin rana. Naka rabuwar gida ce, ta haka suke yaɗuwa. In furanni suka wadata, gida ya cika ya batse, sai ma'aikata su gina ɗakunan sarauniya a gefen saƙa, masu kama da ɓawon gyaɗa, bakinsu na kallon ƙasa. Daga ƙwai zuwa fitowar sabuwar sarauniya wajen kwana 16 ne, amma tsohuwar ba ta jira. Da an toshe bakin ɗakin farko, wajen kwana na 8, sai ta fice da kusan rabin jama'arta. Su ne kake gani a dunƙule a reshe, wani lokaci wuni guda, wani lokaci har su kwana biyu, yayin da 'yan aikensu ke yawon neman masauki. Babu akwatin da zai raba su da wannan hali, balle ƙudanmu na nan da suka fi na Turai saurin rabuwa. Amfanin akwati shi ne ka ga shirin tun ranar ba ta zo ba, abin da amya ba za ta taɓa nuna maka ba.

A nan na Kenya ya shiga raina. Shekarar da na fara aiki da shi, bayan ɗaukewar ruwa, na ga ƙudan sun yi cincirindo a ƙofa suna reto kamar gemu. Gab da magariba na busa musu hayaƙin busasshen kashin shanu kaɗan, na shiga ɗaga sanduna ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai sai ga ɗakuna uku a rataye, ba a toshe su ba tukuna, kowanne da 'yar tsutsa kwance cikin farin abinci kamar kindirmo. Nan take na kwashe sanduna biyar, har da mai ɗakunan, da 'ya'ya da zuma da ƙudan da ke kansu, na jera a wani akwati, na kai shi gindin ɗorawa can ƙarshen gona. Tsohon gida kuma na cike masa gurbi da sanduna marasa saƙa, ya samu sarari. Da wata ya zagayo na leƙa sabon, ga ƙwai farare sirara a gindin ramuka, shaidar sarauniya ta kama aiki. Wallahi farin cikin ranar har yau ina jin sa. Gida ɗaya ya zama biyu, ban bi kowa kan bishiya ba.

Gefen akwatin Kenya a karkace yake, shi ya sa ƙudan ba su cika manne saƙa a bango ba, kuma kafintan unguwa zai iya haɗa maka shi. Sai dai ka riƙe saƙar a tsaye kullum. Ka kwantar da ita cikin zafin bazara, ta karye a hannunka.

Langstroth kuwa, tun 1852 wanda ya ƙirƙiro shi ya yi masa rajista a Amurka, kuma ba na musun yana ba da zuma da yawa ga mai injin tacewa da jari. Nawa dai firam ɗinsa suka kantare, ƙudan suka liƙe su da danƙo, kuɗin da na zuba da ya yi mini na Kenya fiye da ɗaya. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Tafi da abin awo: faɗin kowace sanda ya zama wajen santimita 3.2, in ya saɓa sai ƙudan su gina saƙa a gicciye, ka kasa ɗaga ko ɗaya, ka koma gidan jiya. Ka duba katakon ma, ɗanye yana buɗe baki da zarar hunturu ya buga shi. Mafi muni su ne masu kawo akwati "da ƙudansa a ciki". Wasu dunƙulen da suka kakkaɓo daga reshe jiya ne, wani ma babu sarauniya, kwana uku ka wayi gari ba kowa. Kada ka miƙa ko sisi sai an buɗe a gabanka ka ga ƙwai da 'ya'yan da aka toshe.

Ka sayi biyu, ɗaya na zama ɗaya na jira. In kana da tsohuwar amya da ba kowa a ciki, kada ka yar, ka goga mata kakin zuma, ka turara ta, ka rataya a inuwa kusa da gonar. Idan wani dunƙulen ya kuɓuce maka, mai yiwuwa ita ta tare shi. Kuma ka ajiye musu ruwa a kasko da 'yan tsakuwa a ciki kafin rani ya yi nisa.