System Restore ko Reset this PC: wanne ya kamata a fara gwadawa idan Windows ta ƙi tashi?

Wani ɗan'uwanmu ya kawo tambaya game da kwamfutarsa mai Windows 11, wadda ta ƙi tashi bayan ta sabunta kanta cikin dare. Ya ce da ya kunna ta sai ɗigogin nan su yi ta juyawa, ta mutu, ta sake kunna kanta, har ta tsaya a wani shuɗin shafi inda ya ga "System Restore" ya kuma ga "Reset this PC". Abin da yake son sani shi ne bambancin da ke tsakaninsu, da kuma wanda ba zai tafi masa da takardunsa da hotunansa ba.

Malam, shafin da ka gani wata ƙaramar Windows ce mai zaman kanta, wadda Microsoft ke kira Windows RE. An fara kawo ta ne tare da Windows Vista, kuma a kwamfutocin yanzu tana zaune a wani keɓaɓɓen sashe na faifan ajiya, an tsara ta ta buɗe da kanta idan tashi ya faskara sau biyu a jere. Wanda tasa ba ta kai shi can ba yana iya tilasta mata: ya kunna, da zarar tambari ya bayyana ya danne maɓallin wuta har ta mutu, ya maimaita sau biyu, a karo na uku sai ta shiga gyara. Tsohuwar dabarar danna F8 kuwa ta daina aiki tun daga Windows 8, sai dai idan an mayar da ita da gangan.

System Restore aikinsa mayar da kwamfuta zuwa yadda take a wata rana da ta wuce. Lokaci zuwa lokaci, musamman gab da saka wata manhaja ko direba (ƙaramar manhajar da ke sa wani sashen na'ura aiki da Windows), Windows kan adana bayanin halin da take ciki, wato fayilolinta na asali da rajistarta (kundin saitocinta) da direbobi da manhajojin da ke kanta a ranar. Idan ka zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, duk manhaja ko direba ko sabuntawar da ta shigo bayanta za a cire ta, amma takardunka da hotunanka da bidiyonka suna nan yadda ka bar su, har waɗanda ka rubuta jiya. Akwai ma maɓallin da zai nuna maka jerin manhajojin da abin zai shafa kafin ka amince. Dabara ce mai daɗewa, tun Windows Me ta shekarar 2000 take, kuma a ganina ita ce mafi sauƙin illa cikin biyun da ka ambata.

Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi, domin ba ta aiki sai idan an riga an adana wata rana tun kafin matsalar ta auku. A kwamfutoci da yawa ana samun wannan kariya a kashe ba tare da mai ita ya sani ba, a wasu kuma wurin da aka ware mata ƙarami ne, sababbin ranaku suna shigowa tsofaffi suna gogewa. Mutum ya buɗe ta cikin murna sai ta ce masa babu abin da aka adana, kuma daga nan babu yadda za a yi da ita. Haka kuma kada a ɗauke ta a matsayin kwafin ajiya, domin ba ta dawo da takardar da mutum ya goge da hannunsa.

Reset this PC kuwa sake gina Windows yake yi daga tushe, don haka ba ya bukatar wani tanadi na baya. Asalinsa daga Windows 8 ne a 2012, sannan Windows 10 ta haɗe shi wuri guda a 2015 da zaɓi biyu. Na farko, "Keep my files", yana barin fayilolinka amma ya kwashe manhajojin da ka saka da hannunka tare da saitocin da ka yi, ya bar maka jerin sunayen abin da ya cire a fuskar kwamfuta. Na biyu, "Remove everything", ba ya barin komai, kuma an fi amfani da shi idan za a sayar da kwamfuta ko a ba da ita kyauta. Ina jan hankali sosai a kan na farkon, saboda sunansa yana kwantar wa mutane da hankali fiye da yadda ya dace. Wanda ke aiki da manhajar lissafin kuɗi ko ta zane mai lasisi zai tarar da fayilolinsa lafiya amma babu abin buɗe su, sai ya sake nemo manhajar da lambar lasisinta, kuma kalmomin sirrin da ya adana a manhajar shiga intanet za su iya tafiya idan bai haɗa su da wani asusu ba.

Akwai kuma tambayar inda za a samo sabuwar Windows ɗin. Tun daga 2020 ana iya zaɓar a gina ta daga fayilolin da ke cikin kwamfutar, ko a sauko da ita daga Microsoft, abin da kan ci fiye da gigabait 4 na data. Idan fayilolin cikin ne suka lalace, ginawa daga gare su na iya tsayawa a hanya, kuma a irin wannan hali saukowa ta fi tabbas.

Idan aka jera su gefe da gefe, System Restore ya fi sauri, ya fi barin kayanka, amma ya dogara ga tanadin da wataƙila ba a yi ba, kuma matsalar da ta riga ranar da aka adana ba za ta gushe da shi ba. Reset ya fi ƙarfin magani, sai dai aikin da yake bari a hannunka, na sake saka manhajoji da gyara saitoci, yana iya cinye yini guda ko fiye.

Duk da haka, shawarata ita ce kada ka fara da ko ɗaya daga cikinsu, domin a wannan shuɗin shafi, ƙarƙashin "Advanced options", akwai waɗanda suka fi dacewa da halin da ka bayyana. "Startup Repair" yana duba fayilolin da ke tayar da Windows ya gyara abin da zai iya, ba ya taɓa komai naka, ko da yake sau da yawa yakan ce ya kasa. Wanda ya fi kusa da matsalarka shi ne "Uninstall Updates", tunda kai da bakinka ka ce sabuntawa ce ta jawo. Yana cire ƙaramar sabuntawar nan ta wata-wata, ko babbar da ke canja zubin Windows, amma babbar kwana 10 kawai aka saba bayarwa a janye ta kafin a goge tsofaffin fayilolin. Idan wannan bai yi ba, ka shiga "Startup Settings" ka danna 4, Windows za ta tashi da mafi ƙarancin direbobi, inda za ka iya cire abin da kake zargi da hannunka.

Amfanin wannan hanya ta ƙarshe ya fito fili ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da wata sabuntawa ta kamfanin tsaro na CrowdStrike ta hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft, har harkokin jiragen sama da asibitoci da bankuna suka tsaya a ƙasashe da dama. Maganin shi ne a shiga ta wannan ƙofa a goge fayil guda, ba tare da sake gina komai ba. Abin da ya ƙara wahalar da masu gyara a lokacin shi ne BitLocker, tsarin Windows na kulle faifan ajiya, kuma kai ma yana iya tare ka: idan faifanka a kulle yake, kamar yadda sababbin kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suke zuwa, za a nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48 kafin yawancin waɗannan gyare-gyare su yi aiki. Galibi tana cikin asusunka na Microsoft, kana iya duba ta da waya, idan kuma kwamfutar ofis ce to tana wurin masu kula da na'urorinku.

Ga masu wasu kwamfutoci, lissafin ya ɗan bambanta. A Mac, sake saka macOS daga shafin gyara ba ya cire fayiloli ko manhajoji, muddin ba a goge faifan ba. Ana shiga da danna maɓallan Command da R a masu injin Intel, ko da danne maɓallin wuta a waɗanda ke da injin Apple na 2020 zuwa yanzu. Ubuntu kuwa, wadda nau'in Linux ce, takan ajiye tsohuwar ƙwayar manhajarta a jerin zaɓin tashi da ake kira GRUB, sai a tashi da ita idan sabuwar ta ƙi.

Kafin ka kai ga Reset, ka kwashe muhimman fayilolinka. Daga wannan shuɗin shafi ka buɗe "Command Prompt", ka rubuta notepad, ka zaɓi buɗe fayil. Tagar da za ta fito tana ba ka damar ganin foldodinka da kwafe su zuwa filasha, idan ka sa ta nuna kowane irin fayil. Ka lura cewa harafin faifan na iya sauyawa a nan, abin da ka sani da C ya koma D. Wannan mataki gwaji ne kuma: idan kwafin yana tsayawa, ko faifan yana ɓacewa yana dawowa, ko kana jin ƙarar ƙwanƙwasa daga cikinsa, to akwai alamar faifan ne ke mutuwa, kuma Reset zai ƙara masa aikin rubutu mai yawa a lokacin da ba zai iya ɗauka ba. A wannan hali ka kashe kwamfutar, ka kai ta wurin mai gyara ya fara ciro bayanan a kan wani faifai.