Ɗaure tsoho a gado ko sauke masa katifa ƙasa?

Tsoho mai ciwon mantuwa yakan tashi cikin dare ya faɗi. Ɗaure shi da zani a ƙugu ko hannu kamar ya fi sauƙi, amma yana hana jini gudu, yana jawo gyambon kwanciya. Tsohon ya firgita, ya yi ta fizge-fizge, ya zame, ƙullin ya shaƙe shi. Ba ma hurumin mai taimaka wa nas ba ne, sai da umarnin likita.

Sauke katifa ƙasa ya fi dacewa, ko da ya fi aiki. A bar fitila kunne, a kai shi bayan gida kafin barci, a leƙa shi duk awa 2, a rubuta wa nas abin da aka gani. Ko ya mirgino, ba nisa. Sai dai ɗaga shi da safe aikin mutum biyu ne, kada baya ya ƙage.