Rihlar Ɗa'ifa da aka ce ta iyali ce: yarana ba su hau telefrik ba

Wannan sharhi kan bawan Allahn nan ne mai shirya rihlar yini guda, wato yawon buɗe ido, daga Makka zuwa Ɗa'ifa, wanda tallarsa ke yawo a WhatsApp tsakanin Hausawan unguwannin Rusaifa da Shari'a Mansur da Hindawiyya a Makka. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani. Tallar ta ce rihla ce ta iyali zalla: mota mai sanyi, hawa ta hanyar Hada, masana'antar wardi, abincin rana, sannan da yamma yara su sauko a telefrik, wato jirgin igiya, daga saman dutsen Hada zuwa Kar, mota ta tarye su a ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ya sa na cire kuɗina. Kuɗin kuwa kun san ba na wasa ba ne, kuma kowane kai aka ƙirga, har 'yar autata da ba ta cika kujera ba.

Da farko tauraro huɗu na yi niyyar ba shi, saboda direban da ya turo mana mutumin kirki ne. Bayan asuba kaɗan ya iso ƙofar gida, Hiace ɗin tsaf, sanyinta na aiki, bai kunna mana kiɗa ba, bai kuma riƙe waya yana tuƙi ba. Duk wanda ya san hanyar Hada ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hanya ce da ke nannaɗe dutse, kwana kan kwana, tun daga gindinsa a Kar har ka kai tsawon kusan mita 2,000, kunnenka na toshewa yana buɗewa. Shi ya sa in aka yi ruwa mai ƙarfi ko hazo ya sauko ake rufe ta. Direban nan a hankali ya hau da mu, da ya ga ƙaramin yarona ya fara jin jiri ma sai ya miƙo leda da lemon tsami daga aljihun mota ba tare da na roƙa ba.

Amma tun kafin mu bar gari na ga alamar da ban so ba. Maimakon mu nufi hanya, sai mota ta karkata wajen otal-otal ɗin Misfala, muka tsaya. Sai ga wasu dattawa maza da mata suna fitowa da jakunkuna, masu Umara ne daga gida Najeriya, da wani matashi jagoransu riƙe da takarda. Na ce, "Malam, su wa za a ɗauka kuma? Ba iyali zalla aka ce ba?" Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, oga ne ya ce a cike kujerun baya, ai duk hanya ɗaya ce." Na dubi Abban yara, shi kuma ya ce baƙin Allah ne, a bar su, albarka ce. Haka yake, ko gidansa za a ɗauke haƙuri zai bayar. Na yi shiru don yara.

Birai ne suka fara buɗe wa yaran rai. Babban yarona yana shekarun nan da komai ba ya burge shi, tun daren jiya yake cewa shi a bar shi a gida, ya shiga mota ya toshe kunne da abin sauraro ya tsuke fuska. Da muka kusa ƙarewa da hawa sai ga su nan jere a kan shingen titi, manya masu furfurar wuya da jajayen gindi, uwaye da 'ya'ya manne a ciki. Wani ƙato ya dira kan motar da ke gabanmu, ya zura hannu ta gilashin da aka bari a buɗe, ya zare ledar burodi sukutum, ya koma kan shinge ya yage ta da haƙori yana kallonsu ko a jikinsa. Yaron nan da ya yi wata bai yi mini dariya ba sai da ya ƙyalƙyale har yana riƙe ciki. Direba ya ce kowa ya rufe gilashi, kada a jefa musu komai, hukuma ta hana kuma tara ake ci. Na ji daɗin wannan, don na sha ganin direbobin da su ne ma ke miƙa musu ayaba.

Masana'antar wardi kuwa ba ni da abin cewa sai alheri, kuma mun dace da lokaci, don furen Ɗa'ifa tsakanin Maris da Afrilu yake buɗewa, makonni kaɗan ya wuce. Da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta sha ƙamshin. Mun tarar ana juye buhuna a ƙasa, tsibi guda ruwan hoda, ana aunawa ana zubawa cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta a ƙasa. Tururin yana bi ta wani bututu da ke ratsa ruwan sanyi, sai ya ɗiɗɗigo cikin babbar kwalba mai dogon wuya, man ya taso sama siriri, ruwan wardin ya zauna ƙasa. Dubban furanni ake dafawa kafin a samu tola guda, to daga ranar na daina jin haushin tsadarsa. Ɗiyata budurwa, wadda ita ma waya ce duniyarta, ta tsare ma'aikacin da tambayoyi da Larabcinta na makaranta, ita ce ma ta tuna mana cewa a 2024 UNESCO ta sa al'adun wardin Ɗa'ifa cikin jerin kayan gadon duniya, kuma ana haɗa ruwan wardi da Zamzam wajen wanke Ka'aba. Mun sayi kwalaben ruwan, tola kuwa kallo muka yi mata.

Daga nan rihlar ta fita daga hannunmu. Jagoran masu Umara ya koma kujerar gaba ya zama shi ne mai tsara tafiya. Aka je Masallacin Abdullahi ɗan Abbas a tsakiyar gari, wanda a Ɗa'ifa ya rasu a shekara ta 68 bayan hijira. Aka je Masallacin Addas, inda ake cewa a nan gonar Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a take, wurin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya huta bayan mutanen garin sun jefe shi, bawansu Addas mutumin Ninawa ya kawo masa inabi. Kada wani ya ce na raina ziyara, Allah ya tsare. Na ma ji daɗi da yarana suka ji tarihin a wurin, har ƙaramin yana tambaya ko ƙafar Annabi ta yi jini sosai. Amma mu mazauna ne, mun san wuraren nan, kuma ba a kan su aka yi ciniki da ni ba. Kowace tsayawa sai an yi wa'azi, an yi hoto, an nemi wata Hajiya da ta shige kasuwa sayen zuma. Lambun Rudaf da aka ce yara za su yi gudu a ciki, ko ƙofarsa ba mu gani ba. Fadar Shubra ta gilashi aka nuna mana ita mota na tafiya.

Abincin rana ya ɗan sanyaya mini zuciya, gaskiya. Salig aka kawo a manyan faranti, shinkafar da aka dafa da romo da madara ta yi laushi kamar fate, gasasshiyar kaza a sama, man shanu na kwaranya, ga yajin tumatir a gefe. Ya ishi kowa har ya yi saura. A lokacin har na ce a raina to shi ke nan, in dai yara suka hau telefrik ɗinsu na yafe sauran.

Bayan la'asar muka shiga mota. Ina ta sauraron in ga mun kama hanyar Hada, sai na ga allunan titi suna nuna Sail, ɗaya hanyar komawa Makka. Na ce, "Malam, ina kuma za mu?" Sai jagoran ya juyo ya ce, "Hajiya, ai mikati za mu, alhazaina za su ɗauki harami a Ƙarnul Manazil." Na ce to ai ga mikatin Wadi Muharram nan a kan hanyar Hada, duk wanda ya sauko Makka ta can a nan yake ɗaukar harami, malamai sun ce saman kwarin Ƙarnul Manazil ɗin ne. Su yi wankansu su yi niyya, yarana su hau telefrik da babansu, mu haɗu a Kar, kowa ya samu biyan buƙata. Ya ce shi dai Sailul Kabir aka rubuta masa a takarda, kuma can oga ya yi wa alhazansa alkawari. A nan na gane an yi mana sakiyar da ba ruwa. Mota ɗaya, ya sayar musu ziyara da mikatin Sail, ya sayar mana Hada da telefrik, alhali ya san hanyoyi biyu ne da ba sa haɗuwa sai a Makka. Wanda ya sauka ta Sail ba ya ganin Hada ko daga nesa.

Na kira shi ogan a waya. Kira na farko bai ɗauka ba, da ya ɗauka sai ya shafa wa idonsa toka ya ce wai an rufe hanyar Hada saboda hazo. Ina tsaye a Ɗa'ifa, sama tas, rana ƙwal. Babban yarona ya duba taswirar wayarsa ya nuna mini motoci na bin hanyar lafiya lau. Da na faɗa masa haka sai ya koma "Hajiya mafi mushkila, wata rana sai a kai su." Wata rana da kuɗin wa? Abban yara ya karɓi wayar, na ɗauka faɗa zai yi, sai na ji yana cewa "To, to, Allah ya rufa asiri." Raina ya ƙara ɓaci.

A mikati muka yi zaman da ban taɓa yin irinsa ba. Wurin cike da manyan bas, layin banɗaki har waje, dattawan nan sai sun yi wanka, sun sayi takalmi da bel, sun yi nafila. Har magariba ta same mu, har ta wuce. Ba laifinsu ba ne, su ma an yaudare su ne, don da na zanta da wata tsohuwa daga cikinsu ta ce an gaya musu motar tasu ce su kaɗai. Ita ce ta ga 'yar autata na kuka tana "Umma ina jirgin igiya", ta jawo ta jikinta ta ce, "Yi shiru jikata, zo ki ga abin da na zo da shi daga Kano." Ta kwance bakin mayafi ta ba ta alawar madara da ƙuli-ƙuli. Ta dube ni ta ce, "'Yata, ki yafe mana, mun ci muku rana." Kunya ta kama ni, na ce, "Haba Inna, ba ku ba ne wallahi." Babban kuwa ya koma gidan jiya, ya mayar da abin kunnensa, bai sake yi wa kowa magana ba har gida. Tun safe shi ne yake nuna wa ƙannensa bidiyon telefrik ɗin, yana cewa shi zai zauna ta gefen da ake hango ramin.

Hanyar Sail kusan kilomita 80 ce zuwa Makka, shimfiɗaɗɗiya, ba abin kallo balle cikin dare. Dattawa na ta talbiyya, wannan kam ya yi daɗin ji. Sai dai da muka shigo gari su aka fara kaiwa kusa da Harami, muka shiga cunkoson bayan isha'i, mu da muke da yara masu makaranta washegari Lahadi sai da aka gama da kowa sannan aka sauke mu. Yanzu da nake rubutawa ma na tuna, ruwan sha da tallar ta ce kyauta ne katan ɗaya aka sa a mota, kafin azahar ya ƙare, sauran duk mu muka riƙa saye a bakala, wato kanti. Ashe ma kujerun bayan da aka ce yara za su miƙe ƙafa in sun gaji, tun farko an sayar da su.

Saboda haka tauraro huɗun nan na janye, biyu na ba shi, kuma biyun ma na direba ne da salig. Wanda yake da baƙi masu Umara da ke son ziyara da mikati, motar za ta yi masa, zai ma gode. Mai yara, musamman samari da 'yammatan da da ƙyar ake raba su da ɗaki, ya tambaye shi a rubuce ta wace hanya za a dawo, da ko akwai wasu fasinjoji, ya kuma riƙe rabin kuɗi sai an sauka. Gara ma ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku ɗauki shatar mota ku kaɗai.

Na rubuta masa ya mayar mini da kuɗin telefrik na mutum shida, tunda cikin abin da na biya yake. Ya ce zai yi mini ragi a rihlar Shafa da yake shiryawa wata mai zuwa. Na ce ba ragi nake so ba, kuɗina nake so, ga lambar asusun Abban yara. Saƙon ya nuna ya karanta tun ranar Litinin.