Kogwannin Mabul na Chile: Mun Biya Kuɗin Jirgi, Iska Ta Ce Mu Dakata

Tun ina gida na taɓa ganin hoton wurin nan a waya, nan take na yanke cewa aikin kwamfuta ne. Dutse fari mai ratsi-ratsi kamar alawar da aka murɗa, ga ruwa shuɗi kamar an narka bula a ciki. Da wani taro ya kai mu Santiago, babban birnin Chile, a watan Janairu, ni da tsohon malamina da ya ƙare rayuwarsa wajen koyar da ilimin duwatsu, sai ya kafe cewa ba zai koma gida ba sai ya ga wurin da idonsa. Na ce, "Malam, ai nan bayan gari ne ko?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ɗauko rigar sanyinka."

Ba bayan gari ba ne. Daga Santiago jirgin sama ya yi da mu sama da awa biyu zuwa kudu, ya sauke mu a Balmaceda, a yankin Aysén na Patagoniya. Muka kwana a Coyhaique, babban garin yankin, da safe muka shiga motar haya. Tsakanin Coyhaique da ƙauyen da ake hawa jirgin ruwan, wato Puerto Río Tranquilo, kusan kilomita 220 ne, a kan hanyar da suke kira Carretera Austral, wadda aka fara ginawa a 1976 zamanin mulkin soja na Pinochet. Da na ji tsawon na ce awa uku ta ishe mu. Muka kwashe kusan biyar. Bayan an wuce Villa Cerro Castillo kwalta ta ƙare, sai burji da gargada da ƙura, ga kwanoni a gefen tsauni waɗanda in ka leƙa ƙasa sai ka kama salati. Akwai wani wuri da muka ratsa matattun itatuwa tsaye cikin ruwa, fari fat, ba ganye ko ɗaya. Direba ya ce aman dutsen Hudson ne ya kashe su. Dutsen nan ya yi wani babban amai a 1991, tokarsa ta rufe yankin har cikin Ajantina.

Sai ga tafkin. Gaskiya a nan na fara janye maganata ta aikin kwamfuta. Sunansa General Carrera a ɓangaren Chile, in ka tsallaka iyaka kuma 'yan Ajantina na kiransa Buenos Aires, su kuwa mutanen Tehuelche da suka riga kowa zama a wurin Chelenko suke ce masa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,850, shi ne mafi girma a Chile, zurfinsa a wani wurin mita 586. Ba ka hango ƙarshensa, sai tsaunuka masu farar hula ta ƙanƙara sun kewaye shi.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A bakin tafkin, gefen titi, akwai 'yan rumfuna a jere, kowace da mai kiran fasinja, kamar dai tasha. Duk abu ɗaya suke sayarwa: gajeren zagaye na kamar awa ɗaya da rabi, ko dogo wanda ke haɗawa da kogwannin wajen Puerto Sánchez, ko kuma ƙaramin kwale-kwalen da mutum ke tuƙa kansa, wanda kuɗinsa ya kusa ninka na jirgi mai inji. Muka faɗa hannun wani saurayi mai zaƙin baki da ɗan guntun Turanci. Ya ce dogon zagaye, ƙarfe uku na rana, babu matsala. Muka biya kuɗi a hannu. Alhali a lokacin iska na neman tuge rumfar tasa, tafkin kuma ya yi fari da kumfa. Ƙarfe uku ta yi, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Puerto cerrado." Wato an rufe tasha. Sojojin ruwan ƙasar ne ke da ikon ba jirage izinin fita, in iska ta yi ƙarfi su hana, babu mai tsallake umarninsu. Wannan ban ga laifin kowa ba, har ma ya burge ni. Abin da ya ƙona mini rai shi ne daga baya muka ji cewa tun kafin azahar aka rufe. Ya sani sarai, ya karɓi kuɗinmu don kada mu je rumfar maƙwabcinsa.

Na so in yi faɗa, Malam ya ce, "Bar shi. Da wane yaren za ka yi faɗan?"

Dole muka nemi masauki. Matar da ta ba mu ɗaki, wata dattijuwa mai fara'a, ta ga ina ta cika ina batsewa, ta miƙo mini shayinsu mai ɗaci da ake zuƙa da bututun ƙarfe, mate, ta faɗa mini wata magana tasu da ke cewa mai gaggawa a Patagoniya ɓata lokacinsa yake yi. Ita ce kuma ta tuna mana da Douglas Tompkins, attajirin Amurkan nan da ya kafa kamfanin The North Face, ya kuma sayi filaye masu yawa a Chile don kare daji. A Disambar 2015 igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalensa a wannan tafki, sanyin ruwan ya yi ajalinsa, duk da cewa ƙwararre ne. Daga jin haka na daina ƙorafin rufe tasha. Ruwan nan narkakkiyar ƙanƙara ce, in ka tsoma yatsa sai ka ji kamar an sare shi.

Wani abu da ya ba ni mamaki a daren nan: da na duba alƙibla a waya sai ta nuna gabas sak, kamar ina tsakar gidanmu. Amma magariba ba ta faɗi ba sai wajen tara da rabi, don Janairu tsakiyar lokacin zafinsu ne, rana ba ta son faɗuwa. Abinci kuwa, kifi da dankali da burodi muka dogara da su. Suna alfahari da gasasshen ɗan rago da suke bankarewa a jikin ƙarfe gefen wuta, ƙamshinsa har cikin rai, amma mun bar shi saboda yanka.

Washegari ƙarfe takwas tafkin ya kwanta luf kamar ba shi ne na jiya ba. Saurayinmu ya tura mu cikin jirgin wani, tare da mutum takwas, ya ɓace. Sai da muka yi nisa muka gane gajeren zagaye aka sa mu, ba dogon da muka biya ba. Amma matuƙin da muka samu mutumin kirki ne, shiru-shiru, ya san aikinsa. Bai tayar da inji ba sai da ya bi kowa ya ja igiyar rigar cetonsa ya tabbatar ta ɗauru, ya kuma rarraba mana rigunan leda. Na tuna yadda ake lodin jirage a Yawuri, mutum da buhu da babur, ba rigar ceto ko ɗaya, na yi shiru.

Bayan tafiyar kamar minti ashirin da wani abu muka iso. Da farko ba ka ganin komai sai gangaren dutse mai toka-toka da bishiyoyi a kansa, har ka fara tunanin an cuce ka. Sai matuƙin ya rage wuta, ya karkata jirgin ya zura shi cikin wani rami a gindin dutsen, ya ce kowa ya sunkuyar da kai. Da na ɗago sai na rasa abin cewa. Rufin kogon da bangonsa duk a goge suke sumul, da 'yan lotsa-lotsa kamar an bi ƙullun fura ana danna babban yatsa. Ratsin fari da toka da ruwan ƙasa-ƙasa sun bi jikin dutsen suna lanƙwasa. Hasken rana kuma yana dukan ruwa ya dawo sama, sai bangon ya rine ya zama shuɗi, yana rawa, yana motsi kamar mai numfashi. Ka leƙa ƙasa, ka ga ginshiƙan dutsen sun ci gaba da nutsewa cikin ruwa garai-garai har inda ido ya gaza.

Malam ya manta da ni gaba ɗaya, yana ta magana shi kaɗai. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Ka san dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti? To, ɗan'uwansa ne wannan. Shi dai ya sha zafi da matsi ne a cikin ƙasa har ya rikiɗe ya zama mabul." Ya ce kada in rikita shi da marmarar da muka sani, jan dutsen nan na hanya, wannan irin wanda ake daɓe manyan masallatai da shi ne. Ramukan kuwa ba wanda ya sassaƙa su, ruwa ne ya yi ta lasar dutsen yana narkar da shi kaɗan-kaɗan kimanin shekara 6,000. Shuɗin ma ba na dutsen ba ne. Manyan ƙanƙarar da ke kan tsaunuka suna niƙa duwatsu su zama gari mai laushi, koguna su kwaso shi zuwa tafkin, garin nan da ke yawo cikin ruwa shi ke ba shi wannan launi in rana ta haska. Ma'ana, ranar da hadari ya rufe sama, abin da za ka gani bai kai rabin na hoto ba.

Wurare uku ake nunawa. Akwai kogwannin da ke jikin gaɓa, sai wasu duwatsu biyu da ke tsaye su kaɗai a cikin ruwa, babban ana ce masa Catedral, ƙaramin Capilla, wato babbar coci da ƙarama. Suna ne kawai saboda siffarsu, ba wurin ibada ba ne. Ƙaramin ya fi ba ni tsoro: ƙaton dutse da ciyayi a kansa, ruwa ya cinye gindinsa, ya bar shi a kan 'yan siraran ƙafafu. Tun 1994 gwamnatin Chile ta sa wurin cikin wuraren da doka ta kare. Matuƙin ya nuna mana wani dutse wai kan kare ne, wani wai giwa. Na karen na yarda, na giwar kam sai da na yi masa kara.

Inda zagayen ya gaza shi ne lokaci. Duka-duka zamanmu a cikin kogwannin bai fi rabin awa ba, saura duk tafiya ce da dawowa. Jirage na biye da juna, kowa na jiran na gabansa ya fita, ga ƙarar inji da warin fetur a cikin kogo, ga masu ɗaukar hoto suna miƙe hannu a gaban fuskarka. Na ga masu ƙananan kwale-kwale suna shiga lungunan da jirginmu ba ya iya shiga, a natse, ba hayaniya, na ji ƙyashi. Da na iya ruwa, kuma da ba da dattijo nake tafe ba, shi zan zaɓa, a tashi daga Bahía Mansa da ke kusa da duwatsun. An kuma ce mana wanda ya zo wajen Satumba zuwa Nuwamba, kafin ƙanƙara ta narke tafkin ya cika, ya fi samun shiga can ciki.

Dawowa ita ce azabar. Iska ta farka, jirgin ya riƙa hawa igiyar ruwa yana faɗowa tim, ƙugu na amsawa, ruwan sanyi na marin fuska. Wanda ke da ciwon baya ya zauna can baya kusa da matuƙi, don gaba ta fi dukan mutum. Na sauka jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa.

Shin ya cancanci wahalar? Wurin kam ya cancanta, ban taɓa ganin irinsa ba. Matuƙin ma na ba shi cikakken maki. Masu rumfa ne sai an yi taka-tsantsan: kada ka biya sai ka tambaya ko tasha a buɗe take, a rubuta maka irin zagayen da ka saya a takarda, ka riƙe kuɗin ƙasar a hannu, ka nemi jirgin farko na safe, sannan ka ware kwana biyu ko uku a ƙauyen don iska ba ta san ka yi tikitin komawa ba.

Cikon kuɗinmu kuwa, Malam ne ya karɓo shi. Ya je rumfar saurayin nan, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa, ya fito da carbinsa, bai ce uffan ba. Duk wanda ya zo sayen tikiti sai ya tsaya yana kallon dattijo da hula zanna a zaune. Ba a yi minti goma sha biyar ba saurayin ya ƙirgo kuɗin ya miƙa masa da hannu biyu.