Koyon sana'a a aljihun gwamnati a Legas: wanne ya dace da kai?

Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, samarinmu da dama a Agege da Idi-Araba ke neman madafa. Alhali aikin hannu na nan yana neman mai yi. Leƙa gine-ginen Lekki ka gani, da yawan masu shimfiɗa tayil 'yan Togo ne da Benin.

Kafin komai, ɗan'uwa, ka yi katin LASRRA, shaidar zama a jihar. Babu ruwansa da asalinka, kuma shi shirye-shiryen jiha ke tambaya.

Mafi ƙarfin takarda ita ce ta kwalejojin fasaha biyar da hukumar LASTVEB ke kula da su: Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba. Shekara uku ake yi bayan ƙaramar sakandare, a rufe da jarrabawar fasaha ta ƙasa, wato NABTEB. Amma wannan na yaron da iyaye ke ciyarwa ne. Magidanci mai neman kuɗin cefane ba zai jure ba.

A ganina, abin da ya fi dacewa da babba shi ne cibiyoyin koyon sana'a na ma'aikatar mata da rage talauci, wato WAPA. Kada sunan ya ruɗe ka, maza ma suna shiga. Akwai ɗinki da girki da gyaran gashi, akwai walda da gyaran firji, kuma watanni ake yi, babu kuɗin makaranta. Sai dai kuɗin mota da kayan gwaji duk a wuyanka suke. Wanda ke kwana a Mile 12 ya zaɓi cibiya a hanyar Badagry, rabin yininsa a goslo zai ƙare, kafin wata biyu ya ajiye. Nemi mafi kusa da kai, ko da sana'ar da ke can ba ita ce zaɓinka na farko ba. Ka kuma tambayi harshen koyarwa, don ba kowa ne Turanci ya zauna masa ba.

In kana da sana'a a hannu, shaida kawai ka rasa, duba SUPA, shirin horar da masu sana'ar hannu da ba su takardar shaida, na ITF, hukumar horar da ma'aikata ta tarayya. Kamfani ba ya ɗaukar "na iya", takarda yake so ya gani.

Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023 na harkar kwamfuta ne, galibi ta intanet. In babu kwamfuta da data da wuta, bar shi tukuna.

LSETF kuwa, asusun samar da aikin yi na jihar Legas da aka kafa a 2016, yana horarwa yana kuma ba da jari, amma rance ne, biya ake yi. Duk wanda ya ce ka ba shi na goro ya saka sunanka, ƙyale shi ka je ofishin da ƙafarka.