Karayar ƙwauri: ƙarfen waje ko na ciki?

Idan ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata, ƙasa ta shiga raunin, ƙarfen waje ya fi dacewa. Ana kafa wa ƙashin ƙusoshi masu kaurin milimita 5, aƙalla biyu sama da karayar, biyu ƙasa, a ɗaure su da sanda ta wajen fata. Raunin na buɗe, ana iya wanke shi kullum. Sandar da maɗauranta ana kashe musu ƙwayoyin cuta a sake amfani da su, shi ya sa kuɗinsa ke da sauƙi. Matsalarsa bakin ƙusa, wato inda ta huda fata: in aka yi sakaci da tsabta, sai ya yi mugunya, ƙusar ta kwance.

Ƙarfen ciki, wanda ake saka wa ƙashin a cikin jiki, ya fi daɗin zama, amma sabo ake saya, kuma a ƙazantaccen rauni yakan kai cuta har ɓargo.